Ƙwannafi: kanwa, farin siro ko omeprazol, wanne ya dace da kai?

Mai fama da ƙwannafi a Maraɗi ba ya rasa mai ba shi shawara. Tsohuwa a gida za ta ce a jiƙa masa jar kanwa. Abokan fada, ana cikin shan shayi, za su ce olsa ce, ya nemi omeprazol. Mai tallar magani a bakin tasha kuwa farin siron nan mai kauri zai miƙo masa. Kowannensu yana da ƴar gaskiyarsa, don duka ukun suna rage zafin. Sai dai aikinsu ya bambanta, kuma wanda ya dace da wani bai dace da wani ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke juya su baibai. Maganin da aka yi don agajin gaggawa shi muke sha shekara da shekaru, wanda kuma aka yi don a sha kullum na wasu makonni shi muke haɗiya sau ɗaya a tsakar dare muna jiran ya yi aiki nan take.

Kafin a zaɓi magani sai an tabbatar da ciwon. Abinci idan an haɗiye shi yana bin wani bututu mai tsawon kusan santimita 25 daga maƙoshi zuwa tumbi. A inda bututun ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai zagaye, tana saki abinci ya wuce, ta tsuke a bayansa. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsananin tsami, wato asid, don narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta, kuma bangonsa yana da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi. Bututun ba shi da irin wannan kariya. To idan tsokar ta saki a lokacin da bai kamata ba, ko ciki ya cika har ya tura abin da ke cikinsa sama, asid ɗin ya hau, sai a ji ƙuna. Yawancin masu ƙwannafi asid ɗinsu bai fi na kowa yawa ba, ya dai shiga inda ba wurinsa ba ne.

Alamarsa ba ɓoyayya ba ce. Zafi ne mai ƙuna a bayan ƙashin ƙirji, yana tasowa daga ƙahon zuciya yana hawa zuwa wuya, wani lokaci har ruwa mai tsami ko ɗaci ya zo baki tare da gyatsa. Ya fi zuwa bayan an ƙoshi, ko an kwanta, ko an sunkuya. Mace za ta ji shi tana sharar tsakar gida ko tana duƙe kan wanki, namiji ya ji shi a ruku'u da sujada bayan tuwon dare. Akwai waɗanda nasu ba ya ƙuna sosai, sai dai tarin dare, da dishewar murya da safe, da jin kamar wani abu ya maƙale a wuya.

Gyambon ciki, wanda muke kira olsa, ciwonsa ya fi zama a wuri ɗaya, a ƙarƙashin ƙahon zuciya, har mutum yana iya nuna wurin da yatsa. Yana ci kamar yunwa, sau da yawa ya tashi mutum cikin dare, kuma wani irinsa yakan lafa idan an ci abinci. Ba ya hawa zuwa wuya, ba ya damuwa da sunkuyo. Manyan sanadinsa biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta pilori, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibuprofen da aspirin, waɗanda ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi suke haɗiya da yamma ba tare da komai a ciki ba. Ana iya samun gyambo da ƙwannafi a jikin mutum ɗaya, kuma ko likita ba kullum yake raba su da tambaya kaɗai ba.

Na uku shi ne wanda ba a wasa da shi. Ciwon zuciya yana iya zuwa da kamar ƙwannafi. Idan ƙirji ya yi nauyi kamar an danne shi, zafin ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi, ga haki, musamman in ya zo ana cikin tafiya ko aiki, to a bar kanwa da siro a nufi asibiti nan take. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai shan taba, da wanda ya manyanta su fi kowa kiyaye wannan. Kada kuma a ce ai an sha siro ya lafa, don lafawar ba ta wanke zuciya daga zargi.

In an tabbata ƙwannafi ne, tambayar da za ta raba gardama ita ce: sau nawa yake zuwa a mako? Wanda nasa sai ranar biki ko ranar da ya cika ciki da tsire da yaji, buƙatarsa daban. Wanda nasa yake zuwa sau biyu ko fiye a kowane mako, ko yake hana shi barci, wannan ya zama ciwo zaunanne, kuma maganin agaji ba zai ishe shi ba.

Mu fara da kanwa, tunda ita ce a kowane gida. Ba ƙarya tsofaffi suka yi ba, tana aiki. Sinadaran da ke cikinta suna kashe tsamin asid cikin ƴan mintuna. Amma haɗuwarta da asid tana haifar da iska a cikin tumbi, shi ya sa ake jero gyatsa bayan an sha. Mutum yana jin daɗin gyatsar, alhali duk gyatsa buɗe wannan tsoka ce, kuma kumburin da iskar ta kawo yana iya sake turo ruwan sama. Sauƙin ba ya daɗewa. Babbar matsalarta ita ce sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Kanwa cike take da shi, kuma babu mai auna ta, kowa da girman dunƙulen da yake jefawa a kofi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta wani ɓangare na abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Don haka mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, ban ga dalilin da zai sa su mayar da kanwa magani ba. Garin bikarbonat da ake saye a kanti ma hukuncinsa ɗaya da nata. Lafiyayyen matashi da abin ya kama sau ɗaya cikin dare babu komai a kusa, ba zan ce ya yi laifi ba, amma kada ta zama abin kullum.

Madara da nono suna sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya maiƙonsu da sauran abin da ke cikinsu su sa tumbi ya ƙara zubo asid. Damammiyar fura a cika kwano a sha a kwanta, wannan neman tashin dare ne.

Farin siro da ƙwayoyin taunawa, irin su Maalox da ƴan uwansa, aikinsu ɗaya da na kanwa, wato kashe asid ɗin da ya riga ya zubo, amma an auna su kuma ba su cika jiki da gishiri kamar ita. Cikin mintuna ake jin sauƙi. Idan ciki babu komai sauƙin bai cika wuce awa ɗaya ba, in an sha bayan abinci yana iya kai awa biyu zuwa uku. Mai alminiyam yana taurara bayan gida, mai magneziyam yana sakin ciki, shi ya sa ake yawan haɗa su a kwalba ɗaya. Akwai abin da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba: suna hana wasu magunguna shiga jini, kamar siprofloksasin, doksisiklin, da ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mata a wurin awo. A bar aƙalla awa biyu tsakani. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya sha sai da izinin likita. Ga mai ƙwannafin jefi-jefi wannan ne zaɓin da ya dace, ga araha ga sauri. Abin da ba ya yi shi ne warkar da bututun da asid ya riga ya ƙona.

Gaviscon da ire-irensa suna da wata dabara ta daban wadda ta sa nake fifita su ga wasu mutane. A cikinsu akwai wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, idan ya haɗu da asid sai ya zama kumfa mai kauri ya tsaya a saman abin da ke cikin tumbi. In abu zai hau, kumfar ce ke fara hawa. Shi ya sa ake shan sa bayan abinci da lokacin kwanciya, kada a sha kafin a ci, kada kuma a bi shi da ruwa mai yawa. Ya fi dacewa da wanda ruwan tsami ke zuwar masa baki da zarar ya kwanta, da mai juna biyu. Ya fi farin siro tsada, kuma shi ma yana da sodiyam, mai hawan jini ya sani.

A tsakanin siro da omeprazol akwai famotidin da simetidin. Waɗannan ba sa taɓa asid ɗin da ya zubo, suna rage umarnin da ke sa tumbi ya zubo shi. Simetidin ya fito a 1976, kuma James Black, masanin da ya jagoranci ƙirƙiro shi, ya samu kyautar Nobel a 1988. Suna fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, famotidin ya riƙe mutum kusan awa 10 zuwa 12, simetidin ƙasa da haka, don haka sun dace da wanda ya san yau zai ci abin da ke tayar masa da shi, ko wanda nasa na dare ne. In ana shan su kullum, cikin ƴan makonni jiki yakan saba ƙarfinsu ya ragu. Simetidin yana rikici da magunguna da yawa, har da wasu na farfaɗiya da na tsinka jini, shi ya sa famotidin ya fi shi kwanciyar hankali. Shi kuwa ranitidin, wanda aka daɗe ana sha, hukumomin magani na Amurka da Turai sun janye shi daga kasuwa a 2020 saboda an samu wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargin yana kawo cutar kansa, kuma yana ƙaruwa in maganin ya daɗe a zafi. In ka gan shi a tiren mai talla, ka wuce.

Sai omeprazol, wanda kowa ya san sunansa amma kaɗan suka san shan sa. Wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, a farmasi kuma za ka iya jin ana kiransa Mopral, ko a ba ka danginsa irin su esomeprazol da pantoprazol. Shi yana zuwa ne ya toshe ainihin wuraren da ke fitar da asid a bangon tumbi. Idan siro yayyafa ruwa ne a kan wuta, omeprazol janye itace ne daga murhu: wutar ba ta mutuwa nan take, amma in ta mutu ta mutu. Yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar ana sha kullum kafin ƙarfinsa ya cika. Wanda ya haɗiye shi ƙarfe biyun dare saboda ƙirji na ƙuna bai yi wa daren nan komai ba.

Ƙa'idarsa ita ce kafso ɗaya mai miligiram 20 da safe, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Dalili kuwa, wuraren da yake toshewa sai abinci ya tashe su yake iya kama su, to ana son ya riga ya shiga jini kafin loma ta farko. Ba a tauna shi, ba a niƙa ƴan ƙwayoyin da ke cikin kafson, don an lulluɓe su ne saboda kada asid ya lalata su kafin su kai hanji. Wanda ya saya da kansa ya sha na kwana 14 ya tsaya ya gani. Likita yakan rubuta na mako huɗu zuwa takwas, kuma a cikin wannan lokaci mafi yawan waɗanda bututunsu ya ƙone suna warkewa, abin da siro ba zai taɓa yi ba. Ga mai ƙwannafin sau biyu ko fiye a mako, a cikin waɗanda muka ambata a baya babu maganin da ya kai shi.

Amma fa ba abin riƙewa ba ne har abada ba tare da an duba mutum ba. Shan sa shekaru yana iya rage magneziyam da bitamin B12 a jiki, an danganta shi da raunin ƙashi, kuma tunda asid yana cikin abin da ke kashe ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, rage shi yana buɗe hanya ga wasu cututtukan zawo. Ba ya jituwa da klopidogrel na masu ciwon zuciya da wasu magungunan cutar sida. Akwai waɗanda dole su daɗe a kansa, kuma ga su amfaninsa ya rinjayi illarsa, amma likita ne zai yanke wannan. Wani abin da ke ɗaure mutane a kansa shi ne, in an daɗe ana sha aka yanke rana ɗaya, asid yakan dawo da ƙarfi na mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, sai mutum ya ce ai ba zan iya rayuwa babu shi ba. Gara a janye a hankali, ana sha ana tsallake rana, ana toshe giɓin da siro. Sannan a saye shi a farmasi. Maganin da zafi da laima ke lalatawa, an yini ana yawo da shi a ka a ranar watan Afrilu ta Maraɗi, ko na gaske ne ba lallai ya kai gida da ƙarfinsa ba, balle ba a san ta wace hanya ya shigo ba.

Duk waɗannan magunguna asid suke yaƙa, babu wanda ke gyara tsokar da ta saki. Abin da ke taimakon tsokar yana hannun mutum, kuma ba duk abin da ake faɗa ne ƙarfinsa ɗaya ba. Waɗanda suka fi tabbata su ne rage ƙiba ga mai tumbi, barin awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ɗaga wajen kai na gado da santimita 15 zuwa 20, da barin taba. A sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai. Mai kwana a katifa a ƙasa ya cusa wani abu a ƙarƙashinta tun daga kugu zuwa kai ta yi gangare. Tara matasan kai ba ya yi, don yana lanƙwasa mutum ya matse ciki. Kwanciya a gefen hagu tana rage hawan ruwan, wanda ya saba farawa da dama yana iya juyawa daga baya. Matsattsen bel da ɗaurin zani mai tsanani a kan cibiya su ma suna turo shi.

Batun abinci kuwa, ina ganin ana zaluntar mutane. Da an ce mutum yana da olsa sai a hana shi yaji, tsami, wake, mai, goro, shayi, har ya rasa abin ci ya rame. Gaskiya ne maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, kuma a garin da man gyaɗa, ƙosai, awara da ƙuli-ƙuli suke ko'ina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ne shayi mai kauri da na'ana'a, da kofi, da goro, da lemon kwalba mai iska, da tumatir, da ɗanyar albasa suna tayar wa mutane da yawa. Amma kowa da nasa. Mutum ya lura da kansa, abin da ya ga yana tayar masa ya rage, sauran ya ci abinsa. Sau da yawa yawan abincin da lokacin cinsa sun fi irinsa laifi. A kuma duba magungunan da ake sha: amlodipin da nifedipin na hawan jini suna iya sassauta tsokar, kuma maganin wannan shi ne a gaya wa likita, kada a daina da kai. Mai ciwon jiki ya koma parasetamol a maimakon diklofenak.

Watan azumi yana da nasa tsari. Wanda ke kan omeprazol ya buɗe baki da ruwa da dabino, ya haɗiye kafsonsa, ya je sallar magariba, in ya dawo ya ci abinci, ko kuma ya sha shi rabin awa kafin sahur. Abin da ke kayar da mutane shi ne haɗa kunu, soye-soye da tuwo a zama ɗaya sannan a tafi asham, da komawa barci da zarar an sallame asuba ciki cike da sahur. Mai juna biyu ita kuma nata ƙwannafin daga cikin ne, yakan tsananta a watannin ƙarshe kuma yawanci yana tafiya bayan haihuwa. Ta riƙa cin kaɗan-kaɗan, ta fara da Gaviscon ko siro, in bai isa ba ta faɗa a wurin awo. In zafin ƙahon zuciya ya zo mata da ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, da gani dishi-dishi, wannan yana iya zama hawan jinin masu ciki, a kai ta asibiti a ranar.

Ga wanda ciwonsa ya fi kama da gyambo, omeprazol shi kaɗai rufa-rufa ne in ƙwayar Helikobakta tana nan. Wasu likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ke haddasa yawancin gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005. A Afirka fiye da rabin mutane suna ɗauke da ita, galibi tun yarinta, kuma yawancinsu ba ta yi musu komai. Awon bayan gida ya fi na jini nuna ko tana nan yanzu, don na jini yana iya nuna ta ko bayan ta tafi. Ana dakatar da omeprazol mako biyu kafin awon, in ba haka ba sai ya ɓoye ta. Maganinta haɗi ne na omeprazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, na kwana 10 zuwa 14, a sha a ƙare. Yana warkar da gyambo, amma kada mai ƙwannafi zalla ya sa rai zai raba shi da nasa.

Akwai alamomin da in sun bayyana zancen zaɓen magani ya ƙare. Abinci ya fara tsayawa a ƙirji, tun daga nama har ya kai ga tuwo. Rama babu dalili. Aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo. Amai da ya ƙi tsayawa, ko ƙarancin jini. Haka wanda ya haura shekara 50 abin ya fara masa sabo, da wanda ya sha omeprazol bisa ƙa'ida mako takwas bai ga canji ba. Asid da ya daɗe yana ƙona bututu yana iya ƙuntata shi, a wasu ƴan kaɗan kuma ya canza fatar cikinsa zuwa irin da ake sa wa ido saboda cutar kansa. Waɗannan su fara da asibitin unguwa a tura su babban asibiti, inda za a nemi awon fibroskopi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga wurin da ido. Ana zuwa da ciki babu komai, kuma awon kansa na ƴan mintuna ne. Da shi ake gane wanda saman tumbinsa ya zame ya hau cikin ƙirji, da ƙalilan ɗin da za su buƙaci aikin tiyata na naɗe saman tumbi a kewayen bututun don ƙarfafa tsokar. Mai zuwa ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na mai talla da jiƙe-jiƙen gida, ya kuma faɗi tun yaushe ya fara.